Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ƙera manhajojin ces na kuɗi, daga wani shagon caji a ƙasar Ringim

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ni dai ba wani ba ne, shagon cajin waya ne da ni da ɗan POS a gefe, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim nan jihar Jigawa. Na san da wuya takardar nan ta kai teburinku, amma tunda kun ce duk duniya kasuwarku ce, to mu ma ai cikin duniyar muke, bari in amayar da abin da ke cikina.

Ces, wato wasan allo irin dara da Turawa ke kira chess, ya shigo garinmu ne ta hannun wani ɗan bautar ƙasa da aka turo sakandaren je-ka-ka-dawo, shi ya koya mana a bakin shagona, da ya gama shekararsa ya tafi ya bar mana allo ɗaya na leda irin wanda ake naɗewa, dokin baƙi guda ya ɓata har yau murfin kwalbar lemo ne yake tsaya masa. Sunaye ma mu muka raɗa abinmu: sarki, sarauniya, doki, giwa kamar yadda Larabawa suke ce mata, soro, sai ƙananan takwas ɗin nan da muke ce wa kurata. Yanzu an fi bugawa a waya, kuma da yake wayoyin rabin gari a hannuna suke kwana, ina ganin abin da manhajojinku suke yi wa mutane fiye da yadda ku kuke gani daga ofis.

Mutum biyu zan kawo muku, duka 'yan gidanmu ne.

Na farko kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tela, ya ba sittin baya. A dara kaf unguwarmu ba mai zama gabansa ya tashi da dariya, gurbi 30 ɗin nan kamar a tafin hannunsa aka haƙa su. Ces kuwa don nishaɗi yake yi, tsakanin la'asar da magariba, ko in yana jiran wayarsa ta ɗan ɗau caji. Ba ruwansa da sunan buɗe wasa na Sisiliya ko na Sifen, shi dai a jera a buga. Wata rana na saita masa kwamfuta a matakin ƙasa-ƙasa a wata manhaja, ba zan kama suna ba don ba ita kaɗai ke da halin ba. Taku wajen ashirin abin nan ya matse shi ya hana shi sakat, ko numfashi bai bar shi ya yi ba, can sai kawai ya ɗauko sarauniyarsa ya ajiye a gaban kurtun kawu, ba tarko ba komai. Kawu ya daɗe yana kallon allon yana neman inda aka binne masa ƙaya, da ya tabbata babu sai ya cinye, ya ƙarasa wasan, ya kife wayar a kan benci.

Na ce, "Kawu ai ka ci, ga shi har tafi take maka."

Ya ce, "Ɗan nan, wannan ba ci ba ne, sadaka aka ba ni. Abin nan raina ni yake."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, sai da na je na bi diddigin abin. Ashe matsalar daga tushe take. Tun 1997 da injin ces Deep Blue na kamfanin IBM ya doke zakaran duniya na lokacin Garry Kasparov da maki uku da rabi da biyu da rabi, injina gaba kawai suke yi. Magnus Carlsen, mutumin Norway, maki 2882 ya kai a 2014 a ma'aunin ƙarfin 'yan ces da ake kira Elo, kuma ba ɗan adam ɗin da ya taɓa wuce nan, amma injin ces Stockfish ya haura 3,500 a jadawalin da ake gwada injina da junansu, kuma a lissafin Elo ratar maki 400 kaɗai tana nufin mai ƙarfin zai kwashi wajen kashi 90 cikin 100 na makin. To ina kawu ina wannan dodo, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sai aka ce a rage masa ƙarfi. Ta yaya? A Stockfish akwai ma'auni daga 0 zuwa 20, in ka sauke shi sai injin ya duba taku 'yan kaɗan masu yiwuwa, maimakon ya ɗauki mafi kyau sai ya yi kamar ƙuri'a ya ɗauki na ƙasa. Wato bai daina gani ba, rufe ido yake da gangan lokaci-lokaci. Shi ya sa za ka ga taku goma na gwani, na sha ɗaya na wanda aka tasa daga barci.

Mutum ba haka yake kuskure ba. Ɗan koyo yana kuskure ne don kwaɗayi ya ja shi ya ci kurtu ya manta da bayansa, ko don bai ga giwar da ta laɓe can kusurwa tun taku na biyar ba, ko don doki yana tsalle ta inda ido bai saba ba. Kuskurensa yana da dalili, kuma wanda ya kama shi ya koyi wani abu. Kuskuren injinku da aka rage wa ƙarfi ba ya koya wa kowa komai, sai ma ya ɓata yaro, ya saba da zaman jiran a miƙo masa sarauniya, ranar da ya zauna gaban mutum ya yi ta jira har a ɗaure masa sarki.

Kuma ba wai ba a san maganin ba ne. A 2020 wasu masu bincike daga Jami'ar Toronto da Cornell da Microsoft sun fitar da Maia, injin da ba a koya masa neman taku mafi kyau ba, wasannin mutane miliyoyi na shafin buga ces na Lichess aka ba shi ya haddace halinsu, aka yi shi hawa-hawa daga maki 1100 zuwa 1900, yana iya cankar takun da mutum zai yi fiye da rabin lokaci. Na buga da shi. Ya ci ni na ci shi, kuma duk sanda na ci na san da gumina na ci. In 'yan jami'a sun yi wannan sun sake shi kyauta, ku da kuke karɓar kuɗi me ya hana ku? Na ga wasunku sun cika manhaja da fuskoki, wannan mai gemu, wancan mai tabarau, ga mage ga kare, kowanne da surutunsa, amma in ka zauna da su sai ka ji duk hannu ɗaya ne a cikin riga daban-daban.

Ku zo gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu ku ga yadda gwani yake sassauta wa yaro. Kawu in zai yi dara da jikansa ba ya yin kamar ya haukace. A fili zai ce masa, "Ungo, na ɗebe 'ya'ya biyu daga sha biyuna, da goma zan buga," daga nan kuma da gaske yake bugawa, ba sani ba sabo. Yaron ya san abin da aka ba shi, ya san abin da ya ƙwata da kansa, bayan wata biyu a rage a mai da shi ɗaya. A ces ma tsohon abu ne, Paul Morphy na Amurka tun wajen 1858 yake cire doki ko soro ya ba mutane rata ya kuma cinye su. Wannan rata ta gaskiya ita nake so in gani a fuskar farko ta manhaja, ba sai an tona can cikin saiti ba. A cire wa injin sarauniya tun farko kowa yana gani, sannan ya buga iya ƙarfinsa. Dattijo zai yarda da wannan, wallahi zai yarda, abin da ba zai ɗauka ba shi ne a yi masa wasan yara.

Na biyu ƙanina ne, yana karatu a Dutse, shi kam abin ya shiga jininsa. Littafi guda ya cika da rubutun wasanninsa, yana zuwa gasar ɗalibai in an shirya, in ya zo hutu sai ya ba ni soro ya kuma ci ni yana cin gyaɗa. Shi kukansa daban ne da na kawu. Ya gama wasa yana so ya ga layukan injin guda uku a jere da zurfin lissafin, ya ga wa ya taɓa buga wannan buɗewar da yadda ta ƙare, ya kwashe wasanninsa a fayil ɗin PGN da ake adana wasan ces a ciki ya kai inda ya ga dama, ya yi atisayen ƙarshen wasa na soro da kurtu sau hamsin ba wanda ya dame shi. Abin da yake samu kuwa sai furanni suna zubowa a allo, ga kambu, ga wani zanen koci yana ce masa ya yi ƙoƙari alhali shi ya san kwaɓa ya yi, ga saƙo tsakar dare wai kar ya bari jerin kwanakinsa ya yanke. Wayarsa ram 2 ce, kafin kayan adon nan su gama buɗewa ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda, batir ya zube, a kawo min caji. Ni riba ce gare ni, ban ƙi ba, amma gaskiya gaskiya ce. Yana ce min, "Yaya, da za su ba ni maɓalli ɗaya in kashe duk wannan tarkacen da na gode musu."

Maɓalli ɗaya fa. Ba sabon inji ya nema ba.

To na san abin da za ku ce, taura biyu ba ta taunuwa, in kun gyara wa kawu ƙanina ya yi tsaki, in kun gyara wa ƙanina kawu ya ɓace a cikin lambobi. Na yarda akwai wahala. Amma ni a ganina tun wajen rabon kuka yi kuskure, kun ɗauka 'yan nishaɗi wata ƙabila ce, 'yan gaske wata ƙabila, kuka gina katanga a tsakani kuka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Alhali mutum ɗaya ne yake zama wannan yau, gobe ya zama wancan.

Ga misali. Mai shayin bakin kasuwa ya koyo dabarar nan ta taku huɗu, wadda sarauniya da giwa suke haɗuwa a kan kurtun da ke gefen sarki, wanda ba mai gadinsa sai sarkin kansa. Ya yi wa kawu ita sau uku a yamma ɗaya a gaban jama'a, majalisa ta ɗauki shewa. Bayan isha'i ina shirin kashe janareta sai ga kawu da tocila, mutumin da ya ce shi ba ruwansa da karatun ces, ya ce, "Ɗan nan, buɗe min abin nan ya nuna min ta inda yaron can yake shigowa." A daren nan duk ƙasar Ringim ba ɗalibin ces da ya kai kawu niyya. Na buɗe, na jera masa wasan, na danna wajen bayani, sai manhajar ta ce wai na yau ya ƙare, in dawo gobe ko in biya. Wani yaro ne ya riga ya cinye rabon ranar da hantsi. Ni na zauna na nuna masa da bakina yadda ake fito da doki a tare hanyar, da ɗan abin da na sani. Shi kuma ƙanina mai littafi, lokacin jarrabawa ba abin da yake bugawa sai 'yan wasannin minti uku don ya huce, ko bita ba ya yi. To a cikinsu wane ne ɗan nishaɗi?

Nan ne abin yake min ciwo. Kun ɗauki "me ya sa" kun kulle a ɗakin masu kuɗi, alhali wanda ya fi buƙatarsa shi ne ɗan koyo. Ƙanina in ya ga +0.7 ya san ana nufin fari yana gaba da abin da bai kai kurtu ɗaya ba, zai iya tono dalilin da kansa, kuma injin da zai tono da shi kyauta ne, Stockfish tun 2008 'yan sa-kai suke gina shi kowa ya ɗauka. Kawu kuwa +0.7 da lambar mota duk ɗaya ne a wurinsa. Shi jimla ɗaya yake so: ka matsa da wannan kurtun ne ka bar dokinka ba mai gadi. Ita kenan. In da hali ma a faɗe ta da murya da Hausa, don kawu ajami yake karantawa, boko sai da ƙyar, Turanci kuwa sai dai in fassara masa. Hausa miliyoyin mutane ke jin ta daga nan har Nijar da Gana da Sudan, jimlolin da ake buƙata ba su fi a tara malamai biyu su zauna su fassara ba.

Ba cewa nake ku yi mana kyauta ba, ni ma ɗan kasuwa ne, ko cajin waya ɗaya ba na yi a banza sai ga surukai. Kuna biyan ma'aikata, kuna riƙe da manyan kwamfutocin da wasannin ke gudana a kai, kuna farautar masu satar amsa daga inji, wanda in ba ku yi ba ƙanina ma ba zai zauna ba. Chess.com da aka buɗe a 2007 ya kai mambobi miliyan 100 a ƙarshen 2022, riƙe jama'a irin wannan ba wasa ba ne. Lichess da wani Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010 da gudummawa yake tafiya, ba talla ba kuɗin shiga, amma ba kowa zai iya wannan hanyar ba, na sani. Ku sayar. Sai dai ku sayar da mudun da muke awo da shi.

Mu nan komai ƙulli-ƙulli muke saye. Sikari na ɗari, omo ɗan leda, man gyaɗa a murfi, data ta kwana ɗaya. Kamfanonin waya sun gane haka tuntuni shi ya sa suke cin kasuwa har rugar Fulani. Ku kuwa sai ku ce wata guda ko shekara guda, kuma lissafin daga dala yake tasowa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024, a 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ga shi an ɗauki shekaru, har zuwa 2025, katin naira ba ya biyan komai a waje, a lokacin mutum da kuɗinsa a hannu sai ya nemi wani a Kano ya biya masa. Me zai hana a ce ga bayanin wasa biyar a kan kaza, ga na kwana ɗaya, ga na mako, a cire daga katin waya ko a yi tiransifa? Da akwai wannan a daren nan, kawu da kansa zai zaro kuɗi daga aljihun 'yar-shara, har ya ƙara min na shayi. Ranar Lahadi da ake cin kasuwar Gujungu kuɗi na shigowa hannun mutane, ranar Laraba babu. Ku sayar wa mutum ranar da yake da shi mana.

Kuma da tsohuwar zuma ake magani. Chessmaster da ya fara fitowa a 1986 ya yi ta zuwa har 2007, a faifai ɗaya akwai darasin ɗan koyo, akwai abokan karawa kala-kala masu hali daban-daban, akwai ɗakin nazari na manya, ka biya sau ɗaya ya zama naka, ba ruwanka da intanet. Fritz na kamfanin ChessBase da ke Hambug a Jamus, wanda ya fito a 1991, daga baya an sa masa yanayin da yake auna ƙarfinka ya daidaita kansa da kai. Wato tun zamanin kwamfutar tebur an san gida ɗaya zai iya ɗaukar mutum biyun nan in an yi masa ƙofa biyu. Yanzu da wayar hannuna ta fi waɗancan kwamfutocin ƙarfi, sai a ce min darasin da na riga na sauke ba zai buɗe ba sai da sabis?

Sabis ɗin ma bari in taɓa shi kaɗan. A garinmu sai ka hau tudun bayan makabarta yake cika. Ƙanina ya sha yin wasa yana gaba da soro sukutum, sabis ya ɗauke na daƙiƙa arba'in, ya dawo ya tarar agogo ya cinye shi maki sun zube. Ba laifinku ba ne, na sani. Amma ɗan koyo da ya buɗe manhaja yau, me ya sa abin da zai fara gani shi ne wasan agogo da baƙo daga wata ƙasa? Ku sa masa wasan waya ɗaya mutum biyu, irin na miƙa min in miƙa maka, da wasan da ake taku ɗaya a yini, da wasan da ba a lissafa maki. A majalisarmu waya ɗaya mutum shida ke bugawa da ita, makin da ke jikinta ba na kowa ba ne, na gari ne.

In kuna ganin ba kasuwa a nan, ku tuna Tunde Onakoya da ya fara koya wa yaran unguwannin talakawan Legas ces a 2018, a Afrilun 2024 ya zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana bugawa, samarinmu a nan shagona suka bi labarin a waya ɗaya har ta mutu na canja musu wata. A Disambar 2024 Gukesh ɗan Indiya ya zama zakaran duniya yana da shekara 18, ƙanina kwana ya yi yana lissafin shekara nawa ya ba shi. Yaran suna nan. Na yau da ke turo kurtu don wasa, shi ne gobe zai nemi littafi, in ba ku kore shi da sadakar sarauniya ko ƙofa a kulle ba.

Kawu dai ya koma gindin darbejiya wajen dararsa, ces sai a allon leda in mai shayi ya tsokane shi, kuma dabarar taku huɗu ta daina cinsa. Shekaranjiya ya miƙo min wayarsa ya ce in goge masa manhajar taku wai ta cinye masa wuri, yana so in tura masa karatun tafsiri. Na tura masa tafsirin, hotunan ɗinki na goge na samar masa wurin. Manhajar tana nan ban taɓa ta ba tukunna, shi ma bai lura ba.

Naku,
Mai shagon caji, ƙasar Ringim, jihar Jigawa